Babi na Bakwai: Makarantar Mai Kaya

Kyamara tana cikin kayan da cinikinsu ba ya ƙarewa ranar da aka biya kuɗi. Wanda ya sayi tocila, da ya danna ya ga haske, tsakaninsa da mai shago sai gaisuwa. Mai sayen kyamara kuwa yakan koma gida da akwati mai maɓallai da lambobi, ya ɗauki hoton iyalinsa, hoton ya fito dishi-dishi ko baƙi ƙirin, kuma da wuya ya ɗora laifin a kan hannunsa. Kyamarar zai zarga. Bayan gwaji biyu ko uku sai ta koma ƙasan adaka, duk cinikin da kamfani ya sa rai zai biyo baya kuma ya bi ta can: fim, takardar buga hoto, filasha, da gilasan gaba masu tsada waɗanda masu sana'ar ke kira lens. Shi ya sa tun farkon sana'ar masu ƙera kyamara suka ɗauki koyarwa a matsayin wani ɓangare na kasuwancinsu. Sun buga littattafai da mujallu, sun kafa ƙungiyoyi, sun buɗe makarantu, yau kuma suna shirya tarurrukan bita a otal-otal da shaguna da intanet. Ajin yana da amfani na biyu wanda ba a rubutawa a takardar gayyata. A nan ne kamfani ke ganin kayansa a hannun waɗanda ba su ƙera shi ba, ya ji inda ya yi musu daidai da inda yake ba su wahala.

Kodak da cinikin fim

A shekarar 1888 George Eastman, tsohon akawun banki a garin Rochester na jihar New York a Amurka, ya fitar da kyamarar da ya raɗa wa suna Kodak. Kuɗinta dala 25, tana zuwa da fim na hoto 100 a cikinta. Ba ta da tagar leƙawa. Sai dai mutum ya fuskantar da ita wajen abin da yake so, ya ja zare, ya murɗa makulli, ya danna. In fim ya ƙare, sai a aika da kyamarar sukutum ta gidan waya zuwa Rochester tare da dala 10, a wanke, a buga hotunan, a sa sabon fim a dawo da ita. Tallar kamfanin ta ce mai saye ya danna kawai, sauran aikin nasu ne.

To amma ko dannawar ma sai da koyo. A 1900 Eastman ya fitar da Brownie, kyamarar kwali ta dala ɗaya, da niyyar ta shiga hannun yara. Ribar da ke jikin kyamarar ba ta taka kara ta karya ba. A fim take, kuma fim ba ya ƙarewa sai mai kyamara yana jin daɗin abin da ke fitowa. Kamfanin ya kafa wa yara 'yan ƙasa da shekara 16 ƙungiya da gasa da kyaututtuka. Ya buga littafin koyon hoto mai suna How to Make Good Pictures wanda aka yi ta sake bugawa shekaru da dama, a 1913 kuma ya fara mujallar Kodakery. A shekarun 1920 har alluna ya kakkafa a bakin hanyoyin Amurka masu sanar da direba cewa akwai wurin da ya cancanci hoto a gaba. A 1930, lokacin bikin cikarsa shekara 50, ya raba kyamara 500,000 kyauta ga yaran Amurka da suka cika shekara 12 a wannan shekara, suka ƙare cikin 'yan kwanaki. Ruwa ba ya tsami banza: kowane yaro daga cikinsu zai nemi kuɗin fim wurin iyayensa.

Leica da ƙaramin nagetif

Matsalar kamfanin Ernst Leitz na garin Wetzlar a Jamus daban ce. Kyamarar da injiniyansa Oskar Barnack ya ƙera kafin yaƙin duniya na farko, aka kai ta kasuwa a 1925 da sunan Leica, tana amfani da fim ɗin silima ne, nagetif ɗinta milimita 24 a 36, bai fi kan sarki girma sosai ba. Ƙwararrun wancan zamani sun saba da farantan gilashi masu faɗin tafin hannu ko fiye, waɗanda ake ɗora takarda a kansu kai tsaye a buga hoto. Da suka ga wannan ɗan mitsitsin abu sai suka ɗauke shi kayan wasa. Kuma suna da hujja, domin wanda ya wanke shi yadda ya saba wanke faranti, in ya faɗaɗa shi sai hoton ya fito da tsakuwa-tsakuwa kamar an watsa masa yashi.

Leitz ya gane cewa bayanin baki ba zai wadatar ba, gani ya kori ji. Ya riƙa tura ma'aikacinsa Anton Baumann gari-gari yana haska hotunan Leica a manyan alluna, mutane su ga abin da ya fito daga wannan ɗan nagetif ya cika bango. A 1930 kamfanin ya buɗe makaranta a Wetzlar don dillalai da masu saye, inda ake koyar da auna haske, da wanke fim ta yadda ƙwayoyinsa za su yi laushi, da aiki da na'urar faɗaɗa hoto a ɗakin duhu. Na'urar ita ma Leitz ke ƙera ta, don haka darasin da kansa talla ne. Makarantar tana nan har yau da sunan Leica Akademie, da rassa a ƙasashe da yawa, kuma yawancin kwasa-kwasanta biya ake yi.

Japan ta koyi sauraro

Kamfanin Nippon Kogaku, wanda daga baya ya koma Nikon, ya fara darasinsa da faɗuwa. Kyamararsa ta farko, ta 1948, tana yanka hoto milimita 24 a 32, dabarar da ke ba da hoto 40 a fim ɗin da aka saba samun 36. A Japan ta bayan yaƙi, inda fim ke da tsada, wannan tattali ne mai ma'ana. Amma kasuwar da ake nema Amurka ce, a can kuwa injunan Kodak masu yanka fim ɗin silaid an saita su a kan 24 a 36, sai su riƙa yanke hotunan Nikon ta tsakiya. Ba a ƙera ko dubu ɗaya ba aka dakatar. Kamfanin ya matsa zuwa 24 a 34, bai dawo kan ma'aunin da kowa ke bi ba sai 1954. A tsakanin nan sa'a ta faɗo masa: a 1950 David Douglas Duncan, mai ɗaukar hoto na mujallar Life, ya ga hoton da wani mai hoto, Jun Miki, ya ɗauke shi da gilashin kamfanin mai suna Nikkor a Tokyo, ya je masana'antar da kansa, ya ɗaura gilasan a jikin Leica ɗinsa ya tafi da su yaƙin Koriya. Daga nan Nikon ya riƙe ƙwararru hannu bibbiyu. A 1952 aka kafa Nikkor Club, da manyan masu hoto irin su Ihei Kimura da Ken Domon a cikin waɗanda suka assasa ta, a 1968 kuma ya buɗe zauren nunin hotuna a unguwar Ginza.

Labarin Yoshihisa Maitani na kamfanin Olympus ya fi nuna abin da kallon mai saye da ido ke haifarwa. Shi ya ƙera Pen ta 1959, 'yar ƙaramar kyamara ta yen 6,000 mai raba kowane gurbin fim gida biyu, har a sami hoto 72. Ya ba da labari daga baya cewa wata rana ya hangi wata uwa tana ɗaukar ɗanta hoto da Pen, ya yi murna, amma da ya lura da inda ta ajiye zoben nisa sai ya gane hoton ba zai fito ba. Matar ba ta kai ƙara ko'ina ba, kuma ba za ta kai ba. In hoton ya lalace za ta ajiye kyamarar ne kawai. Maitani ya koma ya tsara kyamarar da ba a saita mata komai, ko da yake sashen tallace-tallace na ganin kyamara marar maɓallai ba za ta yi kwarjini ba. Pen EE ta fito a 1961, mata suka saye ta fiye da yadda aka taɓa gani a kasuwar Japan.

Abin da ke faruwa a ajin

Tsarin taron bita na kamfani kusan ɗaya ne ko a wace ƙasa. Mutum goma sha biyar zuwa ashirin a ɗaki, kowa da kyamararsa a gaba. Malamin yawanci ƙwararren mai hoto ne da kamfani ya ɗauka a matsayin jakada, yana ba shi kaya, shi kuma yana fita da sunansu. Da safe ana bi ta kan abubuwa uku da hoto ya dogara a kansu: faɗin ƙofar da haske ke shiga ta cikin gilashi, tsawon lokacin da labulen kyamara ke buɗe, da ƙarfin jin haske na sensa, wato abin da ke kama hoto a madadin fim. Da rana a fita titi ko lambu, da yamma a haska hotunan kowa a allo a yi musu gyara. A gefe guda akwai tebur da aka jera gilasai na aro. Wanda ya zo da ɗan gilashin da aka haɗo masa da kyamara, ya ɗaura na aro mai faɗin ƙofa ya ga fuskar abokinsa ta fito tas, bayanta ya narke, ya riga ya shiga lissafin kuɗi kafin a tashi. Sau da yawa ana raba takardar rangwame a bakin ƙofa.

A bayan aji kuma akwai ma'aikacin kamfani da ba ya magana sosai. Malami ya ce kowa ya kashe ƙarar da kyamara ke yi in ta kama hoto. Wasu su yi nan take. Wani dattijo ya cire tabarau ya kusanto da allon kyamara, ya shiga shafi na ɗaya, na biyu, ya wuce wurin bai sani ba, ya dawo farko, maƙwabciyarsa ta leƙo ta taya shi nema ita ma ta ɓace. In mutum ɗaya ne, rashin sabo ne. In mutum takwas cikin ashirin suka tsaya a wuri ɗaya, a Osaka da Landan da Dubai, to laifin na wanda ya tsara shafukan ne, kuma wannan bayani ba ya samuwa a ɗakin gwaji, domin injiniyan da ya ɓoye abu ya san inda ya ɓoye shi. Sony ya sha ƙorafi shekara da shekaru a kan cukurkuɗewar jerin umarnin kyamarorinsa kafin ya sake masa tsari gaba ɗaya a a7S III ta 2020.

Ƙwararru suna da tasu ƙofar. A manyan wasanni kamar Olamfik da gasar cin kofin duniya, Canon da Nikon, yanzu har da Sony, sukan buɗe ɗaki a cibiyar 'yan jarida cike da kyamarori da gilasai na aro, da makanikai masu gogewa da gyarawa nan take. Hidima ce, amma kuma kowace kyamarar da aka kawo ta sha ruwan sama ko ta faɗi daga tsani tana gaya wa makaniki wane dunƙule ne ke fara kwancewa. A irin waɗannan wurare ake ba wa amintattu sabon samfuri da ba a sanar ba, an manne sunansa da baƙin salatif. Ko farin fentin manyan gilasan Canon, da ake hangowa jere a bakin filin ƙwallo, ya samo asali ne a 1976 daga buƙatar rage zafin da baƙin ƙarfe ke sha a rana.

Lokacin da gyara ya zama na aikawa

A zamanin fim, in kamfani ya ji kuka sai dai ya jira samfuri na gaba. Da kyamara ta zama kwamfuta mai gilashi, sai ya zamana ana iya sauya halinta ta hanyar sabunta manhajar da ke cikinta: mai ita ya sauke fayil daga intanet, ya sa a katin memori, cikin minti biyar ta koyi abin da ba ta iya ba jiya.

Babu misalin da ya kai Canon EOS 5D Mark II ta 2008. Kyamarar hoto ce da aka ƙara mata bidiyo, da tunanin ɗan jarida zai so ɗaukar ɗan gajeren faifai bayan ya gama hotuna. Saboda haka aka bar ta tana zaɓar haske da kanta, tana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa. Waɗanda suka yi rububinta kuwa masu shirya fim ne, don sun ga tana ba da irin kamannin silima a kuɗin da bai kai na hayar babbar kyamara na 'yan makonni ba. Su kuma ba sa son haske ya riƙa sauyawa da kansa a tsakiyar fitowa, kuma silima hoto 24 take gudu a daƙiƙa, talabijin na Turai da Najeriya 25. Da suka rasa yadda za su yi, sai suka koma sayen tsofaffin gilasan Nikon masu zoben hannu suna ɗaurawa a jikin Canon da mahaɗi. Wani mai ilimin kwamfuta, Trammell Hudson, ya rubuta wa kyamarar manhaja ta bayan fage mai suna Magic Lantern. Kamfanin da ke cin abinci da sayar da gilasai bai buƙatar wanda zai fassara masa wannan. A watan Yuni 2009 Canon ya saki manhajar da ta ba mai ɗauka ikon saita haske, a Maris 2010 ya ƙara 24 da 25 da ikon saita sauti. A wannan shekara aka ɗauki kashi na ƙarshe na zango na shida na shirin talabijin mai suna House da ita, a Nuwamba 2011 kuma Canon ya je Hollywood ya ƙaddamar da sabon jerin kyamarorin silima. Masu saye ne suka nuna masa kasuwar da bai san yana da ita ba.

Fujifilm ya mai da wannan ɗabi'a tambarinsa, yana kiranta da kalmar Japananci kaizen, wato gyara kaɗan-kaɗan ba tsayawa. X100 ta fito a 2011 da kyan hoto da nawar kama abu. A Oktoba 2013, bayan an daina ƙera ta kuma magajiyarta na shaguna, kamfanin ya saki manhajar da ta ƙara mata sauri. A lissafin ɗan gajeren zango wannan hasara ce, don ta rage wa mai tsohuwa dalilin sayen sabuwa. Amanar da ta saya wa kamfanin ta fi haka daraja. Akwai dai masu cewa, kuma ba su yi ƙarya ba, sabuntawa ta ba kamfanoni damar kai kaya kasuwa bai nuna ba, su ƙarasa dafa shi a hannun wanda ya riga ya biya.

Abin da ke jikin ƙarfe kuwa manhaja ba ta gyara shi. Nikon Z6 da Z7 na 2018 sun zo da gurbin kati ɗaya. Mai ɗaukar hoton biki ya san ba a maimaita ɗaurin aure don kati ya lalace, shi ya sa yake son kyamara ta rubuta kowane hoto a kati biyu. Sai Oktoba 2020 magadansu suka zo da gurbi biyu.

Ba kullum ake saurarawa da daɗin rai ba. Leica M8 ta 2006 tana mai da baƙin yadin roba ya koma ruwan hoda mai duhu saboda sensarta na jin hasken da ido ba ya gani. Kamfanin ya amsa, ya ba kowane mai saye matatan gilashi biyu kyauta. Matsalar Nikon D600 ta 2012 ta fi daɗewa. Masu ita sun yi ta nuna ɗige-ɗige a kusurwar hotunansu, musamman a sararin sama, kamfanin yana ba da shawarar a goge sensa. A Oktoba 2013 ya fitar da D610 da sabon labule ba tare da ya ce ga dalili ba, abin da ya ƙara harzuƙa waɗanda suka sayi ta farkon. Sai Fabrairu 2014, ana maganar ƙara a kotunan Amurka, ya yi shelar sauya labule kyauta ko garanti ya ƙare. A ranar 15 ga Maris gidan talabijin na gwamnatin Sin ya sa maganar a shirinsa na ranar masu saye, hukumomi suka sa a janye kyamarar daga kasuwar ƙasar.

Wanda ba ya cikin ɗakin

Kunnen kamfani yana jin wanda ke kusa da shi ne. Tun daga shekarun 1950 Kodak ya riƙa raba wa wuraren wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda aka sani da katin Shirley, don su saita launin injunansu a kansa. Fim ɗin ma an haɗa sinadaransa ne da farar fata a zuciya. Baƙin mutum a hoto ɗaya da farare, kamar a hoton 'yan aji, yakan fito ba a ganin komai a fuskarsa sai idanu da haƙora. Binciken da Lorna Roth ta jami'ar Concordia a Kanada ta wallafa a 2009 ya nuna cewa matsin da ya sa aka gyara fim ɗin ya zo ne a shekarun 1960 da 1970 daga kamfanonin kujeru da na cakulan, waɗanda suka koka cewa a hotunan tallarsu ba a bambance katako mai duhu da mai haske, ko cakulan mai madara da marar madara. Su manyan kwastomomi ne masu wakilin kamfani a ƙofarsu. Katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban bai fito ba sai tsakiyar shekarun 1990.

Akwai kuma lokacin da bin maganar mai saye ke zama tarko. A 1987 Canon ya watsar da tsohon bakin ɗaura gilashinsa ya kawo sabo mai aiki da lantarki zalla, duk gilasan da mutane suka tara suka tashi daga aiki a sababbin kyamarori. Da an tambayi 'yan aji da ba wanda zai yarda. Amma wannan shawara ce ta ba shi saurin kama hoto da ya janye masu hoton wasanni zuwa gare shi a shekarun 1990. Daga baya shi da Nikon suka tsaya kan abin da ƙwararrunsu suka saba, har Sony ya riga su da shekara biyar, daga 2013 zuwa 2018, wajen manyan kyamarori marasa madubi. Babbar asarar kuma ta zo daga mutanen da ba su taɓa zuwa bita ba kuma ba su taɓa rubuta ƙorafi ba: sun sami kyamara a wayarsu suka daina saye. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, sun nuna an fitar da kyamarar dijital kusan miliyan 121 a 2010. A 2023 ba su kai miliyan 8 ba.

Da kasuwa ta tsuke, waɗanda suka rage suka ƙara daraja, aji ya ƙara muhimmanci. A Afrilu 2020, lokacin kullen korona, Nikon ya buɗe darussansa na intanet kyauta a Amurka, Canon kuma ya saki manhajar da ke mai da kyamara ta taron bidiyo, saboda ƙananan kyamarorin kwamfuta sun yanke a shaguna. Buƙata ma ta koma fitowa ta inda ba a zata ba. Matasa a TikTok suka ɗaga Fujifilm X100V har kamfanin ya dakatar da karɓar oda a ƙarshen 2022, ya kai ƙirar magajiyarta ta 2024 ƙasar Sin don ya ƙara yawa. A 2024 ɗin Ricoh ya fitar da Pentax 17, sabuwar kyamarar fim mai raba gurbi biyu irin na Maitani, hotonta a tsaye kamar na waya.

A nahiyar Afirka shirin da ya fi fitowa fili shi ne Miraisha na Canon, wanda ya fara a Kenya a Disamba 2014 ya bazu zuwa ƙasashe irin su Uganda da Ghana da Najeriya, yana koyar da hoto da shirya fim da ɗab'i. Sunan haɗin kalmar Japananci ce mai nufin gaba da ta Swahili mai nufin rayuwa. Tambayoyin da ke gaban mai hoto a wannan yanki suna da nasu kamanni. Ƙurar hunturu tana shiga duk lokacin da aka cire gilashi. Kyamarar da ke ɗaukar bidiyo awa ɗaya a ɗakin gwaji mai sanyi tana iya kashe kanta a zafin bazara kafin a gama kamu. Ango baƙi cikin farar shadda da tsakar rana yana ruɗa ma'aunin haske: farin ya rinjaye shi, ya rage haske, fuska ta nutse, sai mai ɗauka ya san yadda zai ƙara da hannu ko ya cike da filasha. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma yawancin wannan ilimi yaro yana samunsa ne a situdiyo wurin maigidansa, yana riƙe fitila yana kallo.

Hanyar da wannan sani zai bi ya isa Tokyo ce ba ta da faɗi. Kyamarori da yawa da ke aiki a bukukuwa da wuraren ɗaukar fim na Kano ko Kaduna na hannu ne, ko kuma an sayo su a Dubai ko Landan an shigo da su a jaka. Ba a yi musu rajista da sunan mai riƙe da su yanzu ba, garantinsu na wata ƙasa ne ko ya ƙare, in sun lalace makanikin kasuwa ne ke buɗe su. A littafin kamfani, irin wannan kyamara tana nan a ƙasar da aka fara sayar da ita, kuma da wannan littafin ake yanke shawarar inda za a buɗe wurin gyara da garin da za a kai bita ta gaba.